Firjin da Ke Sanyi da Wuta

Tun kafin a ja wayar lantarki zuwa ƙauyukan Jama'a, akwai firji a Godogodo, garin da haƙar kuza ta tara wa jama'a. Da harshen wuta yake sanyi. Ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Ba shi da inji. Wuta ce ke ɗumama ruwan amoniya, tururinsa ya zagaya bututu yana janye zafi daga ciki.

Mahaifina malamin ɗakin shan magani ne, a irin wannan firji mai kananzir yake adana allurar rigakafin ƙyanda. Kowace safiya sai ya durƙusa ya leƙa lagwani. In wutar shuɗiya ce, shi ke nan. In ta yi ɗorawa, ya kashe ta, ya datse lagwanin, ya zura buroshi cikin bututun hayaƙi ya kakkaɓe kunkunniya. Taga kuwa ba ya yarda a rufe ta, ko da hunturu.

Gaskiyarsa. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri ne farkon alamarta, mai barci kuma yana iya zarcewa. Firjin gas da ya biyo baya ya rage baƙin hayaƙi, amma haɗarin yana nan, shi ya sa nake jin tsoro in na ga an ajiye shi a ɗakin kwana. Yau asibitocin karkara da dama sun koma firjin sola.