Wankan Jego a Gaban Likitocin Zariya

Tausa a yau ta hau allon talla. Wanda ya bi titin Sakkwato ta cikin Samaru, ko ya ratsa Sabon Gari ta wajen PZ, ba zai rasa ganin shagon gyaran jiki ba, inda ake yi wa amare dilka da halawa, sana'ar da ta iso mana daga Sudan ta hanyar Barno. Amma tausar da ta girmi duk waɗannan ba ta taɓa samun allo ba. Ita ce ta maɗori da ke murza targaɗe da man shanu, da ta wanzami da ke kafa ƙaho a gadon baya, da ta jikan da ake sa wa ya taka bayan kakarsa da magariba. Babbarsu kuwa a bayan ɗaki ake yin ta, da asuba da kuma yamma, kwana arba'in cur: gashin maijego.

Tunanin da ke ƙarƙashin al'adar ba ɓoyayye ba ne. A wurin iyayenmu, haihuwa tana barin jikin mace a buɗe, ɗanye, kuma babban abokin gabansa shi ne sanyi. In ya shiga, ƙafa ta kumbura, nono ya ƙafe, mace ta lalace. Maganin sanyi kuwa wuta. Sai a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma damin ganyen runhu ko na tsamiya, a riƙa fyaɗa shi a jiki har tururi ya turnuƙe makewayi. Ungozoma ta danna mara da tsumma mai zafi, ta matse ƙugu da cinyoyi, sannan ta koma kan jariri ta gasa cibiya, ta miƙe masa gaɓoɓi da man kaɗanya. A ɗaki akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. A ƙwarya akwai kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta yi bayanin wannan wanka kamar yadda ake bayanin fitowar rana, abin da ba ya bukatar hujja. Ganyen darbejiya da muke ɗauka tun kaka da kakanni yake cikin ruwan, baƙo ne: sai a 1928 aka shigo da itacen Nijeriya, ta Barno. Ke nan al'adar ba ta taɓa ƙin karɓar sabon abu ba.

Zuwan Turawa ya haifar wa Zariya garuruwa a wajen ganuwa. Sabon Gari ya tashi da isowar jirgin ƙasa wajen 1911, ya cika da Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani. Samaru ta fara da tashar binciken aikin gona a 1922, ta zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Bayan shekara biyar jami'ar ta buɗe tsangayar koyon likitanci, asibitinta kuma yana Tudun Wada, tsakanin birni da Sabon Gari. A nan ne wankan jego ya gamu da masu awo da ƙirga.

Eldryd Parry, likita daga Birtaniya, ya zo Zariya a 1969 a matsayin farfesa. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da abin da ba su saba gani da yawa haka ba: mata matasa, makonni kaɗan bayan haihuwa, ana kawo su jiki a kumbure, suna haki, ba sa iya kwanciya sai an tokare su da matashi. Zuciya ce ta gaza. A rahoton da suka fitar a 1978 sun bi diddigin mata 224. Ƙiyasin da ya bazu daga wannan aiki shi ne, a cikin haihuwa ɗari a wannan yanki ana iya samun mace ɗaya da ciwon, adadin da ya kere na Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Masu ciwon sun fi yawa a watannin zafi da damina, kuma kusan dukkansu Hausawa da Fulani ne.

Wannan na ƙarshe shi ya ja hankali. Matan Kudu da ke Sabon Gari su ma suna zuwa asibitin, su ma suna da nasu jegon. Wurin Ibo, uwa kan taso takanas ta zo ta gasa wa 'yarta ciki da tawul mai zafi, ta dafa mata farfesu mai yaji. Abin da ba su da shi shi ne gadon wuta da kunun kanwa. Sai likitocin suka haɗa lissafi: kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, shi kuwa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, zuciya ta ninka aiki, a ɗora wannan a kan macen da ta zubar da jini, wataƙila ma da hawan jini, sai kaya ya fi ƙarfin jaki. Bayanin ya shiga littattafan likitanci na duniya, har wasu suka laƙaba wa ciwon sunan Zariya.

Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne yadda gida ke fassara alamomin. In ƙafar maijego ta kumbura, cewa ake yi ba ta gasu ba, sanyi ya shige ta. Sai a ƙara itace, a ƙara kanwa. Kafin a yarda a nemi mota, an ci makonni. Ko da a ce wankan bai jawo ciwon ba, wannan fassara kaɗai ta isa ta kashe. Daga wancan lokaci ne aka shiga jayayyar da yawancinmu muka tashi muka tarar: malamar asibiti a wurin awo tana cewa ruwa mai ɗumi ya wadatar, uwar miji a gida tana cewa da wannan wankan ta yi goma ba abin da ya same ta. Yarinyar da ke tsakani ta ce to a can, ta ce to a nan.

Shari'ar ba ta ƙare a Zariya ba, an ɗaukaka ƙara zuwa Kano. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake buɗe batun. A 2015 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jininsu. A 2020 kuma suka fitar da sakamakon wani babban bincike da ya haɗa asibitoci 22 a faɗin ƙasar nan, da mata 406 masu ciwon. Arewa maso yamma ce har yanzu ke kan gaba. Amma da aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu, wanka da kunun kanwa ba su fito a matsayin sanadi ba, domin lafiyayyun ma suna yi. Abubuwan da suka fito su ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatun boko, da rashin sana'a. In an taƙaita, talauci.

Ba mu ganin wannan ya wanke kanwa tas, kuma ba mu ganin su Parry sun yi shirme. Jegon 1970 ba shi ne na 2020 ba: gadon ƙasa ya kusa ɓacewa, katifa ta maye gurbinsa, kanwar da ake zubawa ma ta ragu a gidaje da yawa. Mai hawan jini har gobe ba ta da abin yi da kanwa, tafasasshen ruwa kuma yana ƙona fata ko me bincike ya ce. Kumburi da haki da tarin dare bayan haihuwa na asibiti ne, a ranar da aka gan su.

Sai dai akwai ɓangaren jego da masu ƙirga ba su ɗora a sikeli ba, wato hannun da ke tausar, da naman, da kwana arba'in ɗin da mace ba ta daka ba ta ɗiban ruwa. In rama na cikin masu laifi, to wannan ɓangaren yana gefen masu kariya, kuma shi ne ya fi saurin zaizayewa. Asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005, can gaba da Samaru, kuma sashen da ake motsa gaɓoɓi da tausa a cikinsa, mutanenmu gashi suke ce masa, sunan da suka ɗauko daga bayan ɗaki. A ɗakunan haya na Samaru kuwa, inda ɗaliba ko matar ƙaramin ma'aikaci ke haihuwa nesa da uwarta, tukunyar ta koma bokitin roba da hita, in akwai wuta. Tsohuwar da za ta danna mara ɗauko ta ake yi a biya ta, sau da yawa daga haihuwa zuwa suna kawai. Rana ta takwas maijego ce ke ɗora girki.