Asalin Garin Lakwaja

Manyan kogunan ƙasar nan biyu ne, Kwara da Binuwai. Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya biyo ta Yamai da Yawuri da Jebba. Binuwai kuwa daga tsaunukan Kamaru ya gangaro, ya bi ta Garwa da Yola da Numan da Makurɗi. To, inda suka gamu suka zama ruwa ɗaya, nan Lakwaja take, a gaɓar yamma, gindin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Patti.

Tun ba a san Bature ba akwai mutane a wurin. Kabilar Oworo suna zaune a kan dutsen da kewayensa, Kakanda da Nufawa suna riƙe da ruwa da manyan kwalekwalensu, Igala da Bassa suna tsallake. Amma babbar kasuwar yankin a lokacin tana hayin gabas ne, a wani gari da ake kira Gbebe. Can fatake ke sauke kanwa da baƙaƙen tufafi na rini, a sayi hauren giwa, a kuma yi cinikin bayi.

A 1841 Ingilishi suka shigo da jiragen ruwa uku masu hayaƙi. Suka sayi fili daga hannun Attan Igala, suka buɗe gona a mahaɗar, da nufin su koya wa mutane noman auduga ko cinikin bayi ya ragu. Zazzaɓi ya faɗa musu, ya kashe Turawa fiye da 40, saura suka juya, gonar ta koma daji. Cikin 'yan wannan tafiya akwai wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawun Hausa da ƙamusunta, da wani Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa an taɓa kama shi bawa yana yaro.

Ana nan sai ga wani likita mutumin Sikotlan, William Baikie. A 1854 ya jagoranci jirgi ya hau Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba. Ya sake dawowa a 1857, jirginsa ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe. Wani da ya haƙura ya koma gida, shi kuwa sai ya zauna. Wajen 1860 ya gangaro mahaɗa, ya sami yardar Etsu Nupe Masaba, ya sare daji, ya yi bukkoki, ya buɗe kasuwa. Shi ne likitan wurin, shi ne alƙali, shi ne malami. Yana fansar bayi yana zaunar da su, fatake suka ji labarin akwai wurin da za a sayar da kaya cikin aminci, suka yi ta zuwa. Ya iya Hausa har yana fassara da ita, ya kuma hau doki ya je Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864 kan hanyarsa ta zuwa gida, amma garin ya riga ya kama ƙasa. Shekara guda bayan haka Crowther, wanda ya zama bishop, ya buɗe makarantar Holy Trinity, wadda ake lissafawa a matsayin makarantar boko ta farko a Arewa. A harabarta akwai wasu ƙarafa biyu a tsaye har yau, an ce duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa.

Wannan shi ya sa Lakwaja ta tashi garin baƙi. Ruwa ne ya tara mutanenta, wani ciniki ya kawo shi, wani gudun bauta, wani aikin soja. Da Hausa da Nufanci suka riƙa fahimtar juna, har sarkin garin ma Maigari ake ce masa.

Daga baya Kamfanin Neja, wani kamfanin ciniki na Ingilishi, ya mai da garin sansanin sojansa. Ran 1 ga Janairu, 1900, a filin faretin Lakwaja aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu, alhali ko Kano da Sakkwato ba su kai ba tukuna. Hedikwata ba ta daɗe a nan ba, ta koma Jebba, ta koma Zungeru a 1902, daga bisani Kaduna. Amma Turawa sun riƙe Lakwaja don wani aiki mai ɗaci: nan suke kawo sarakunan da suka tuɓe. Etsu Nupe Abubakar nan aka kawo shi. Sarkin Zazzau Kwasau nan ya ƙare, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, shahararren mawaƙin nan. Sarkin Kano Alu Maisango, da aka kama a 1903, an fara kai shi Yola, sannan aka dawo da shi nan, ya zauna har ya rasu a 1926. Mutumin da ya yi sarautar Kano, ga shi a ƙasar zafi da sauro, ba dawaki, ba tambari, sai 'yan iyalinsa da littattafansa. Kaburburansu suna unguwar Kabawa. Ni dai abin yana damuna, dubban mutanenmu suna ratsa garin nan kullum, kaɗan ne suka san cewa sarakunansu na kwance a ciki, balle su tsaya su yi musu addu'a.

A zamanin jiragen ruwa garin ya yi arziki. Gyaɗa da auduga da ƙirgi da ƙwaran kaɗanya duk ta nan suke gangarawa teku, da damina kuma jirage su hau Binuwai har Garwa. Sai jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, bai biyo ta Lakwaja ba, kaya suka sauya hanya, garin ya yi sanyi shekaru da yawa. Mota ce ta farfaɗo da shi. Aka gina Gadar Murtala a Jamata, kusa da Koton Ƙarfe, aka ƙirƙiro Jihar Kogi ran 27 ga Agusta, 1991 da Lakwaja a matsayin babban birninta, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, tafiyar kusan kilomita 200. Mai zuwa Legas ko Benin ko Anacha daga Abuja, kusan dole ya bi ta nan.

Shi ya sa yau mafi yawan mutane da kifi suka san garin. A mahaɗar Nataco motocin dogon zango ke tsayawa, ba dare ba rana. Kafin direba ya kashe mota mata sun kewaye taga da faranti, soyayyen kifi jere da yankakkiyar albasa da yaji a ƙulle, wata da soyayyar agada, wata da dafaffiyar gyaɗa. A rumfuna akwai sakwara da miyar agushi, akwai farfesun tarwaɗa mai zafi, ga mai shayi, ga mai tsire, ga masallaci a gefe. Amma wanda ke son ganin asalin abin ya sauka tsohuwar kasuwa ta bakin kogi da sassafe. Kwalekwale suna ta sauke doya da manja daga hayi, masunta na juye ƙarfasa da giwan ruwa a ƙasa, kifin yana ta motsi. Can gefe matan Nufawa sun lanƙwasa tarwaɗa, sun soke wutsiya da kai da tsinke, sun jera kan waya bisa rabin ganga, hayaƙi na tashi a hankali har ta yi baƙi ta bushe. Wannan bandar ita matafiyi ke saye a kwando ya kai tsaraba, ta yi makonni ba ta lalace ba.

Mai sauran ƙarfi ya hau Patti, tsayinsa ya wuce mita 400. A sama akwai ɗan gidan hutun Lugga, daga nan kuma ana hango kogunan biyu suna tahowa, kowanne da launin ruwansa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. In ya sauko ya ɗauki jirgi mai inji a Ganaja ya tsallaka Shintaku, ko ya zaga tsofaffin gidajen katako na Turawa da maƙabartunsu. A tafi da ruwan sha, don zafin Lakwaja ba wasa ba ne.

Kogin da ya kafa garin yakan kuma ci shi. A 2012 ambaliya ta shanye unguwannin bakin ruwa, ta yanke hanyar Abuja, motoci suka yi kwanaki a layi, sai da kwalekwale aka riƙa tsallakar da mutane. A 2022 aka maimaita. A 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara don manyan jirage su dawo, har yanzu ba su dawo kamar da ba. Kayan ƙasa suna bin tirela ta kan gada, Kakanda da Nufawa kuwa suna nan suna fiton doya da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan.