Ciwon zuciyar masu jego: abin da likitoci suka gani da suka buɗe zuciyar

Masu saurarenmu na Bune da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani, kusan kowa ya san wata mai jego da ta haihu lafiya lau, bayan ƴan makonni ƙafafu suka kumbura, haki ya hana ta kwanciya sai a zaune. Wasu su ce sanyi ne ya shige ta. Sau da yawa zuciya ce ta gaza. Ciwon yakan taso daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa.

A nan ba mu saba da binciken gawa ba, mamaci ba ya daɗewa ba a kai shi makwancinsa ba. Amma inda aka yi, ga abin da aka tarar: zuciyar ta buɗe ta yi girma, namanta ya saki ya koɗe, kamar salkar da ta tsufa. A lungunanta akan samu gudajin jini manne da bango. Gudan nan in ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. In huhu ya nufa, yana iya kisa nan take. Da aka yanki ɗan naman aka duba a madubin likita, sai ga tabo ya maye gurbin wasu zaruruwan tsoka, wani lokaci da alamar kumburi. Tabo kuwa ba ya bugawa.

To me ke jawo shi? A Zariya, likitoci Davidson da Parry sun bi mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun zargi kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Maganar ta shafe mu, tunda kanwa daga kwaruruwan ƙasar Gure take fita. A Yamai kuma, a 1992, likita Cénac da abokan aikinsa sun gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu ciwon. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai samu alaƙa da kunu ko wanka ba; ya fi nuna rama da hawan jinin masu ciki.

Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ta bar ta.

Yau ba sai an mutu ake gani ba, hoton zuciya na nuna shi. Mai jegon da ke haki, tari da dare ko kumburi, a kai ta CSI ranar nan, daga can a tura ta Gure ko babban asibitin Damagaram. Da magani, da yawa na warkewa. Sai dai kada ta sake ɗaukar ciki kafin likita ya duba ta, don yana iya dawowa da ƙarfi.