Mota Mai Bodin Katako

Mota mai bodin katako babbar mota ce ta sufurin mutane da kaya, wadda ta shahara a Arewacin Nijeriya tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma har ila yau ana ganinta a hanyoyin kasuwannin karkara, ciki har da na Ƙaraye da Rogo da ƙauyuka irin su Ruwan Bago. A da, al'adar ita ce a sayo kan mota da injinta da ƙashin bayanta daga kamfani, sa'an nan kafintocin gida su ɗora mata jiki na katako mai ƙwari, wanda yake ɗaukar buhunan hatsi a ƙasa, fasinjoji kuwa su zauna a bisa kayan, karen mota yana maƙale a baya.

Samfura biyu ne suka fi yawa: Bedford ta Ingila, musamman ƙirar TJ da aka fara yi a 1958, da kuma Marsandi 911 ta Jamus mai gajeren hanci, wadda daga bisani kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗa irinta a Enugu. Amma abin da ya fi ɗaukaka martabar mota mai bodin katako a idon jama'a shi ne ado, domin masu fenti sukan ƙawata jikinta da siffofin zaki da gaggafa da masallaci, tare da rubutun boko ko na Larabci mai ɗauke da addu'a, ko tawakkali, ko habaici ga mahassada. Yaɗuwar ƙananan motocin bas na Japan ta janye mata galibin fasinja, ta bar mata hatsi da rake da dabbobi.