Daga "Hausa Flyer" Zuwa Yau: Tarihin Kujerar Talaka A Jirgin Saman Cikin Gida

Gabatarwa

Kalmar "jirgi" ta daɗe a bakin Bahaushe tun kafin ya ga ƙarfe yana shawagi a sararin samaniya. Asalinta abin da ake fito da shi ne a kogi. Da Turawa suka shimfiɗa dogo ya iso Kano a 1911, sai aka ara wa abin da ke gudu a kansa wannan suna, aka ce jirgin ƙasa. Bayan shekara 14 wani baƙon ya sauko daga sama, shi ma aka raɗa masa jirgin sama. Wato dai a wurin Bahaushe, duk abin da zai ɗebi jama'a ya tsallakar da su daga wannan gaɓa zuwa waccan, jirgi ne.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin halin da fasinja mai ƙaramin ƙarfi ya riƙa samun kansa a jiragen saman da ke zirga-zirga a cikin Nijeriya, wato mai zama a kujerun gama-gari da ke bayan labule. Za mu fi mayar da hankali kan hanyar Ikko zuwa Kano, domin ita ce mu mazauna Kurmi muka fi sani. Irin wannan fasinja abu uku yake bukata, kamar yadda tukunya ke bukatar duwatsun murhu uku: kuɗin tikitin da zai iya biya, amincin rayuwarsa, da kuma mutuncinsa. Abin da tarihi zai nuna mana shi ne, a tsawon shekara fiye da 70 ba a taɓa girka masa tukunyar nan a kan duwatsun uku cif ba.

Zuwan Baƙo

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 ne jiragen yaƙin Ingila guda uku, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar sun ratso ta Sudan da Cadi. Wannan ya faru ne a zamanin Sarkin Kano Usman na Biyu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma ya miƙa hanyar har Ikko. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai filayen Ikko da Kano da Maiduguri suka zama zangon jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ana kai su Masar. Saboda haka aka faɗaɗa filayen, aka inganta su, kuma su ne ƙasar ta gada bayan an gama yaƙi.

A duk tsawon wannan lokaci jirgin sama abin kallo ne ga talaka. Masu shigarsa su ne jami'an mulkin mallaka da manyan ma'aikatan kamfanonin Turawa. Ɗan kasuwar da ke sayen goro a Agege ko a Sabon Badun, jirgin ƙasa yake bi, ya shafe kusan kwana biyu a kan bencin katako kafin ya ga ganuwar Kano.

Buɗe Ƙofa Na Farko

A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, wato WAAC, mallakar ƙasashe huɗu da ke ƙarƙashin Ingila: Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ya fara aiki a 1947 da ƙananan jirage samfurin Dove, masu ɗaukar mutum kamar takwas. Jirgi mai kujera takwas kuwa ba yadda za a yi ya yi araha, domin kuɗin mai da na matuƙi a kan mutum takwas ɗin za a raba.

A farkon shekarun 1950 kamfanin ya fito da wata dabara. Ya sa manyan jirage samfurin Bristol Wayfarer, waɗanda asali don dakon kaya aka tsara irinsu, ya jera musu kujeru, ya karya farashi domin ya jawo waɗanda suka saba bin mota da jirgin ƙasa. Wanda ke bin gaɓar teku aka sa masa suna "Coastal Flyer". Wanda ke tasowa daga Akra ya sauka Ikko da Badun da Jos ya ƙare a Kano kuwa, aka kira shi "Hausa Flyer". Wannan suna kaɗai ya isa ya gaya mana ko su wa ake zawarci: jikokin fataken nan ne da suka riƙa taka ƙasa wata da watanni tsakanin Kano da Gwanja.

Ba za a kira tafiyar ta jin daɗi ba. Jirgin mai farfela biyu ne, ƙararsa kamar ta injin niƙa, kuma tun da ba a daidaita iskar cikinsa yadda ake yi wa jiragen yanzu, ba ya iya lulawa sama sosai. Don haka duk wata gargada da zafin rana ke haddasawa a iska, a jikin fasinja take ƙarewa. A 1955 ma ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage ya faɗi kusa da Kalaba, mutum 13 da ke ciki suka rasu. Duk da haka, a nan ne aka fara gwada cewa ɗan ƙasa mai matsakaicin hali zai iya barin Ikko da safe ya kwana a Kano.

Zamanin Giwa Mai Fukafuki

Bayan Gana ta sami 'yanci a 1957 ta janye daga haɗakar. A 1958 aka kafa Nigeria Airways, wanda ya koma hannun gwamnati ɗungurungum a 1961. Tambarinsa giwa ce mai fukafuki. A 1963 ya kawo jiragen Fokker F27, a farkon shekarun 1970 kuma ya kawo F28 da Boeing 737, waɗanda suka mayar da tafiyar Ikko zuwa Kano ta awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka.

A daidai wannan lokaci abubuwa da dama suka haɗu suka tura jama'a filin jirgi. Farashin man fetur ya tashi a 1973. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975. Jihohi sun ƙaru daga 12 zuwa 19 a 1976, kowace hedikwata kuma tana neman nata filin. Ga shirin bautar ƙasa da aka soma a 1973, wanda ke jefa ɗan Sakkwato Fatakwal, ya jefa ɗan Inugu Maiduguri. Naira tana da ƙarfi, gwamnati ce ke ƙayyade kuɗin tikiti, saboda haka malamin makaranta da ɗalibin jami'a suka shiga sahun masu hawa jirgi.

To amma kamfani ɗaya ne tilo, kujerunsa kuma ba su kai yawan masu nema ba. Ya zama ruwan dare a sayar da tikiti fiye da kujerun jirgi. Mutum zai riƙe takardar shiga a hannu, amma ba ta lamunce masa komai ba. Da zarar an buɗe ƙofa sai a kwasa a guje zuwa gindin jirgi, mai babbar riga ya tattare, mai goyo ta ƙara ɗaure zane, wanda ya riga kaiwa matakala shi ke da kujera. Tsoho da mara lafiya sai su koma zaure su jira wani jirgin, wanda ba a san ranar zuwansa ba. Wanda ya san wani a ciki kuwa, ko ya makara ba ya rasa wuri. An ɗauko Turawan KLM a 1979 don su gyara tafiyar da kamfanin, suka yi shekara biyu suka tafi. Ke nan a wannan zamani an sami araha, amma mutuncin fasinja ya zube a kan kwalta.

Filin Jirgi Ya Koma Tasha

Daga farkon shekarun 1980 gwamnati ta fara sakar wa 'yan kasuwa mara. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano, Cif Gabriel Igbinedion ya kafa Okada Air a Benin. A shekarun 1990 aka sami ADC da Bellview da Chanchangi da wasu da dama. Mayar da babban birnin ƙasa Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991 ya ƙara buɗe sabuwar kasuwa.

Yanzu kuma sai jirage suka koma neman fasinja. Tsohuwar tashar cikin gida ta Ikeja ta zama ba ta da maraba da tashar mota. 'Yan kamasho na tarar mutum tun daga bakin ƙofa, wannan ya fizgi jaka yana kiran Kano, wancan yana kiran Kaduna. A nan take ake biyan kuɗi a yanki tikiti, a shiga a zauna duk inda aka ga dama. Ga wanda ya sha gudun zamanin giwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Tun daga 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, harkar ta shiga wani hali: da naira ake sayar da tikiti, amma da dala ake sayen kayan gyara, da ita ake biyan inshora da horar da matuƙa. Mafitar da yawancin kamfanoni suka samu ita ce sayen tsofaffin jiragen da Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, irin su BAC 1-11 da Boeing 727. Hukumomin sa ido ba su da ƙarfi, na'urorin filaye kuma sun tsufa. Ba kowane haɗari ne tsufan jirgi ya jawo ba. Akwai na kuskuren matuƙi, akwai na masu kula da sararin sama, akwai na hadari da iska. Amma dukkansu sun nuna cewa tsarin ya yi sako-sako.

A Nuwamba 1996 jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Ikko, ba wanda ya tsira. A ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS da ya nufi Ikko ya rikito kan gidajen unguwar Gwammaja a Kano, fiye da mutum ɗari suka rasu, har da waɗanda ke zaune cikin ɗakunansu ba su taɓa sayen tikiti ba. A Oktoba 2005 jirgin Bellview ya hallaka mutum 117. A Disamba na shekarar jirgin Sosoliso ya kama wuta a Fatakwal, cikin mamatan har da ɗalibai 60 na makarantar sakandare guda da ke komawa gida hutu. A ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo yana cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. A nan mai kujerar gaba da mai ta baya suka zama ɗaya. Ita kuwa giwar, tun a 2003 ta naɗe fukafukanta saboda bashi.

Bayan Gyara

Jiki magayi. Bayan Gwammaja an dakatar da BAC 1-11, an kuma sa iyakar shekara 22 ga jirgin da za a shigo da shi. A 2006 aka yi sabuwar dokar sufurin sama wadda ta ƙarfafa hukumar NCAA, a 2007 kuma aka wajabta wa kamfanin cikin gida jarin naira miliyan 500. Da yawa suka rufe. Sababbi suka fito, irin su Arik a 2006, da Air Peace da Azman a 2014. Haɗarin jirgin Dana a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yuni 2012, wanda ya ci dukkan mutum 153 da ke ciki, ya nuna cewa da sauran aiki. Amma shekara goma sha biyun da suka biyo baya sun wuce ba a sake ganin irin wannan asara a jirgin fasinja na yau da kullum ba.

Fasinjan wannan zamani ta wayarsa yake sayen tikiti, yana da lambar kujera, ba mai ture shi a matakala. Zai ɗaura ɗamara, a miƙa masa ruwa da ɗan biskit, kafin ya gama gyangyaɗi an fara saukowa. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne jira. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci kan cinye wuni guda, ko dai don hazon hunturu, ko don kamfani na da jirage kaɗan da yake juyawa tsakanin garuruwa da yawa, ko don filin da za a je ba ya karɓar jirgi bayan faɗuwar rana. Jinkirin da hazo ya jawo ba abin ƙorafi ba ne, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin ƙorafi shi ne a bar mutum zaune ba bayani, alhali dokokin hukuma sun tanadar masa abin taɓawa, da mayar da kuɗi, har da masauki idan dare ya yi.

Dutsen da ya gushe a yanzu shi ne araha. A Fabrairu 2022 kamfanoni suka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa naira 50,000 saboda tsadar man jirgi. Bayan an saki naira a 2023, tikitin zuwa kawai ya riƙa haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wannan kuwa ya zo ne a lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyoyin mota, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022. Wato lokacin da talaka ya fi bukatar jirgin sama, lokacin ne ya fi ƙarfinsa.

Kammalawa

Mun ga yadda aka buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofar jirgi a shekarun 1950, da zamanin arzikin mai, da kuma zamanin 'yan kasuwa, kowane karo da dutsen da aka rasa. Maganar farashi tana wuyan masu riƙe da tattalin arzikin ƙasa, ta aminci kuma tana wuyan hukumar da aka ɗora wa sa ido, wadda bai kamata a bari ta sake yin barci ba. Amma a maganar mutunci akwai inda mu ma'abota nazarin Hausa muke da ta cewa. Mafi yawan sanarwar da ake yi a fili da cikin jirgi da Turanci ake yin ta, haka ma takardar matakan tsira da ke aljihun kujera. Dattijuwar da ɗanta ya tara kuɗi ya saya mata tikiti don ta zo suna Agege, ta biya daidai da kowa, amma ba ta ji inda ƙofar gaggawa take ba. Fassara wannan takarda da waɗannan sanarwa cikin Hausa mai daɗin ji aiki ne da ɗalibanmu na ajin fassara za su iya gamawa a zangon karatu ɗaya, su miƙa wa kamfanonin da ke bin hanyar Arewa. Shekara fiye da 70 ke nan da aka sa wa jirgi sunan Hausa, ya kamata a ce zuwa yanzu ya iya yi wa Bahaushe magana da harshensa.