Zinariyar Rumawa: Hoton Sarki Gaba, Nauyi a Sikeli

A wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wani kuɗi da ya riga mu tsallaka iyakoki: tsabar zinariyar Rumawa da ake kira awuriyus.

Yuliyus Kaisar ne ya tsayar da nauyinta, guda 40 a kowane fam na Rumawa, wato kimanin giram 8 kowace. Tun daga zamanin Agustus, gabanta kan sarki ne da sunansa da muƙamansa. Bayanta kuwa sau da yawa siffar mace ce daga cikin allolin da suke bauta wa. Faks, ta zaman lafiya, tana riƙe da reshen zaitun. Biktoriya, ta nasara, tana da fukafukai. Ekwitas, ta adalci, sikeli ne a hannunta. A zamanin da babu jarida ko rediyo, da waɗannan hotuna sarki ke shaida wa talakawa cewa ƙasa lafiya, kuma ma'auni cike yake.

To amma Niro ya rage nauyin a shekara ta 64 Miladiyya, fam ɗaya ya koma fitar da 45. Karakalla ya kai shi 50. Sikelin Ekwitas na nan a jikin kuɗin, zinariyar kuwa tana ta raguwa.

Baƙi ba su ruɗu ba. A kudancin Indiya, inda Rumawa ke sayo kayan yaji da lu'ulu'u, an tono tarin wannan zinariya, wasu an tsaga fuskar sarkin da makami. Can ba ƙasarsa ba ce, abin da ya hau sikeli shi ne kuɗi.

Sarki Kustantin ya fito da sabuwar tsaba mai suna solidus, 72 a fam, kimanin giram 4.5. Da yake an riƙe nauyinta wajen shekara 700, ta karɓu har a ƙasashen abokan gaba. Da ita Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi koyi, kafin a shekara ta 77 Hijiriyya ya cire hoto ya bar rubutu zalla. Sunan dinari kansa daga "denariyus" na Rumawa ya samo asali.

'Yan'uwa fatake, mu da muke juya naira da sefa kullum mun san haka. Da an haye iyaka, abokin ciniki ba ya tambayar wa ke jikin kuɗi, cikar mudu da cika alkawari yake dubawa. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, amin.