Yadda Aka Shata Wa Giya Iyaka a Arewa

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasels, wadda ta hana kai barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Lugard ya karɓi ragamar Arewacin Najeriya a 1900, sai ya sa yankin cikin wannan hani, abin da ya dace da ra'ayin sarakuna da malamai.

A Kudu kuwa labarin daban ne. Jiragen ruwa na sauke akwatunan barasa daga Holan da Jamus a Legas, harajinta kuma ya zama babban jigon baitulmalin gwamnati. 'Yan mishan sun yi ta kukan yadda take cinye dukiyar magidanta, tana raba aure, tana jefa matasa cikin bashi, amma kuɗin shiga ya toshe kunnen mahukunta.

Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya sassauta shingen. Ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka zauna a Sabon Gari, inda daga baya gidajen giya masu lasin suka bunƙasa, fasaƙwauri ma ya samu hanya. A ƙauyukan Maguzawa kuwa tukunyar burukutu ba ta taɓa sauka daga murhu ba.

Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, wasu jihohi suka biyo baya. A Kano, hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 takan tare motocin giya, ta farfasa kwalabe a bainar jama'a.